Babi na Biyar: Antibairos Kaɗai Ya Isa, Ko Sai an Ƙara da Wani?

"Injiniya, ai ina da antibairos a laftof ɗin nan. Me ya sa kuma kake cewa sai na sa antimalwaya?"

Duk wanda ya taɓa zama a shagon gyaran kwamfuta a Jimeta ya ji irin wannan tambaya. Ɗalibin Jami'ar Modibbo Adama da furojet ɗinsa ya ɓace a filash yana yin ta. Ma'aikaciyar sakatariya da ke ɗauko aikin ofis ta ƙarasa a gida tana yin ta. Haka magidancin da ya saya wa 'yarsa laftof ta hannu don hannunta ya saba kafin jarrabawar JAMB, wadda tun 2015 ta koma ta kwamfuta baki ɗaya. Wasu kuwa ba sa ma tsayawa tambaya, sai su loda duk manhajar tsaro da suka ji an yaba, a ganinsu yawan su shi ne yawan kariya.

Amsar a taƙaice ita ce: laftof ɗin gida tana buƙatar manhajar tsaro guda ɗaya da ke aiki dare da rana, kuma mai samun sabuntawa a kai a kai. Ta biyun tana da ranarta, amma kiran ta ake yi idan buƙata ta taso, ba a zaunar da ita dindindin. Bari mu bi dalilan daki-daki.

Bairos da danginsa

A bakin mutane, duk abin da ya dami kwamfuta sunansa bairos. A wajen masana kuwa bairos nau'i ɗaya ne cikin nau'o'i da yawa, kuma sunan da ya tattara su duka shi ne malwaya, wato duk manhajar da aka rubuta don ta yi ɓarna.

Bairos na ainihi yana maƙalewa ne a jikin wani fayil, idan an buɗe fayil ɗin sai ya kwafi kansa zuwa wasu. Akwai wadda ke yaɗa kanta ta intanet ko ta filash ba tare da ta maƙale a jikin kowa ba. Akwai mai zuwa da siffar abin arziki, kamar wasa ko manhajar gyaran hoto, alhali aikinta daban ne. Akwai 'yar leƙen asiri mai kwashe kalmomin sirrin da ka adana a burauza. Akwai mai cika maka fuskar kwamfuta da tallace-tallace. Sai mafi muni, mai garkuwa da fayiloli: ta kulle takardunka da hotunanka, ta ce sai ka biya fansa.

Abin da ya sauya tsakanin jiya da yau shi ne manufa. Bairos na farko da ya bazu a kwamfutocin IBM da ire-irensu, mai suna Brain, wasu 'yan'uwa biyu ne suka rubuta shi a Lahore ta ƙasar Pakistan a 1986, har da adireshin shagonsu da lambar waya a cikinsa. Na yanzu kuɗi suke nema, shi ya sa mafi yawansu ba sa son ka san suna nan. Kwamfutarka na iya tafiya lafiya lau alhali ana kwasar bayananka.

Me ya kawo sunaye biyu?

Sunan antibairos ya samo asali ne tun zamanin da bairos ne kaɗai matsalar. A farkon shekarun 2000, da intanet ya shiga gidaje, sai manhajojin talla da na leƙen asiri suka yi yawa, manyan kamfanonin antibairos kuma suka yi jinkirin ɗaukar su da muhimmanci. Wannan giɓin ne ƙananan manhajoji irin su Ad-Aware da Spybot suka cike, daga baya Malwarebytes ta fito a 2008 ta yi suna wajen tono abin da antibairos ya tsallake. A wancan lokacin shawarar a haɗa biyu shawara ce mai kyau, kuma masu gyara da yawa a nan suka koye ta suka riƙe har yau.

Sai dai zamani ya wuce wurin. Duk antibairos mai suna a yau, ko Avast ne, ko ESET, ko Bitdefender, ko Kaspersky, yana farautar dukkan nau'o'in da muka lissafa. Ita kanta Malwarebytes tun ƙarshen 2016 take tallata sigarta ta kuɗi a matsayin wadda za ta iya maye gurbin antibairos gaba ɗaya. Sunayen sun zama na kasuwa. Bambancin da ya rage, wanda shi ya kamata ka duba, shi ne yadda manhajar ke aiki: tana tsaye kullum tana duba duk fayil ɗin da ya shigo, ko sai ka danna mata kafin ta yi bincike?

Ɗauki laftof ɗinka kamar gida. Nau'in farko maigadi ne a bakin ƙofa, duk mai shiga sai ya wuce ta gabansa. Na biyu mai bincike ne da kake kira idan ka ji motsin da ba ka yarda da shi ba, ya zagaya ɗakuna ya duba ƙarƙashin gado, ya gama ya tafi.

Maigadin da ya zo tare da gidan

Mutane da yawa ba su san cewa sun riga sun mallaki antibairos ba. Tun daga Windows 8, wadda ta fito a 2012, kamfanin Microsoft yake saka cikakken antibairos a cikin Windows, mai suna Defender. Yana cikin Windows 10 da Windows 11, kyauta ne, kuma ba ya ƙarewa bayan wata ɗaya ko shekara.

A da ana raina shi, kuma da dalili, domin a shekarunsa na farko yakan zo a baya a gwaje-gwaje. Amma cibiyoyi masu zaman kansu da aikinsu ke nan, irin su AV-TEST da ke Magdeburg a Jamus da AV-Comparatives da ke Innsbruck a Ostiriya, sun daɗe suna sanya shi a sahun gaba tare da na kuɗi wajen kama ɓarna. Ga mai amfani da laftof a gida, wanda aikinsa rubutu ne da kallo da shiga intanet, Defender ya isa ya riƙe ƙofa.

Don ka ga halin da naka yake ciki, rubuta Windows Security a wurin bincike na ƙasan allo ka buɗe. Idan alamomin kore ne, yana bakin aiki. Idan ka ga ja ko ruwan ɗorawa, karanta abin da aka rubuta a ƙarƙashi. A shafin nan kuma za ka ga sunan antibairos ɗin da ke riƙe da ƙofar a halin yanzu, domin da zarar an saka wani, Defender yakan ja da baya ya bar masa wuri.

Nan ne tarkon yake. Laftof da yawa suna zuwa da antibairos na gwaji na kwana 30, ko wanda mai sayarwa ya saka da lasisin da ba a san asalinsa ba. Wa'adi ya cika, manhajar ta daina karɓar sabuntawa, mai kwamfuta kuma yana ganin tambarinta a kusurwar allo yana cewa alhamdulillahi. Idan ba za ka biya kuɗin sabunta lasisin ba, cire ta gaba ɗaya, ka sake kunna kwamfutar, sannan ka leƙa Windows Security ka tabbatar Defender ya dawo.

Masu gadi biyu a ƙofa ɗaya

To me zai faru idan an tsayar da biyu ko uku a lokaci guda? Duk fayil ɗin da ka buɗe, kowannensu sai ya riƙe shi ya duba kafin ya sake maka. Wani lokaci ɗaya ya kama abu ya kulle a ma'ajiyarsa, ɗayan ya hango shi a can ya yi ta ƙara. Wani lokaci kuma kowanne ya ɗauki ɗan'uwansa a matsayin abin zargi, tunda dukkansu suna shiga can cikin Windows inda manhajar ɓarna ke son shiga.

Sakamakon a fili yake a irin laftof ɗin da suka fi yawa a gidajenmu, masu ƙwaƙwalwar aiki gigabait 4 da tsohon faifan ajiya mai juyawa. Ka kunna ta, ka tafi ka yi alwala ka dawo ba ta gama farkawa ba. Fanka na ta kuka. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Yola ke haura digiri 40, kwamfutar da ke wannan wahalar takan ɗauki zafi har ta kashe kanta. Batirin da kake lallaɓawa saboda ɗaukewar wuta shi ma ya ƙare da wuri. Kariyar kuwa ba ta ƙaru ba.

Akwai kuma abin lura game da na kyauta. Kamfanin da ya ba ka manhaja kyauta yana da hanyar da yake cin riba, ko ta damun ka da tallan sigar kuɗi, ko ta bayananka. A 2024 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka, FTC, ta ci tarar Avast dala miliyan 16.5 saboda sayar da bayanan shafukan da masu amfani da manhajarsa ke ziyarta. Kowace manhajar tsaro da ka ƙara, ka ƙara wanda ke ganin duk abin da kake yi.

Filash da shagon buga takardu

Yanzu mu dubi hanyoyin da ɓarna ta fi bi ta shigo a nan. Ta farko filash ce. Gidaje kaɗan ne ke da firinta, saboda haka takarda takan bar laftof ta hau filash ta tafi shagon buga takardu, a bakin Kwalejin Ilimi ta Tarayya ne, ko kusa da Foliteknik, ko cikin kasuwa. Kwamfutar shagon kuwa filash ɗin mutane iri-iri take karɓa tun safe har dare.

Ga yadda abin yake. Ka dawo gida ka soka filash ɗinka. Foldojinka suna nan da sunayensu, amma kowacce ta samu wata 'yar kibiya a kusurwarta ta ƙasa, girmanta kuma bai wuce kilobait ɗaya ko biyu ba. Wannan shi ake kira bairos ɗin shotkot. Bai goge komai ba. Ɓoye foldojinka na gaskiya ya yi, ya ajiye na bogi a madadinsu. Idan ka danna na bogin, sai ya fara shigar da kansa cikin laftof ɗinka, sannan ya buɗe maka foldar gaskiyar don kada ka yi zargin komai. Daga ranar duk filash ɗin da ta shiga kwamfutarka ta ɗauka.

Dabarar tana da tarihi. A da filash kan iya tayar da manhaja da kanta da zarar an soka ta. Microsoft ya toshe wannan hanya a Windows 7, ya kuma toshe ta a tsofaffin Windows a 2011. Da aka rufe musu nan, sai masu ɓarna suka koma yaudarar hannunka ya danna musu.

Saboda wannan matsala ce Smadav, wata ƙaramar manhaja daga Indonesiya, ta samu karɓuwa a shagunanmu. Ta ƙware wajen share filash da fito da fayilolin da aka ɓoye, kuma masu ita da kansu suna gabatar da ita a matsayin ƙarin kariya, ba babbar kariya ba. Kuskuren shi ne a kashe Defender a dogara da ita kaɗai. Mai laftof a gida zai fi samun sauƙi idan ya ware filash ɗaya ta zuwa shago, wadda ba ya ajiye komai mai muhimmanci a ciki, ko ya mayar da takardar PDF ya tura wa mai shagon ta WhatsApp ko imel. Idan dole filash ta dawo, danna mata maɓallin dama na linzami ka zaɓi a bincika ta kafin ka buɗe, kuma duk foldar da ka gani da kibiya, kada ka taɓa.

Manhajar da aka fasa

Hanya ta biyu ta fi ta farko haɗari, kuma ba a cika son maganarta ba. Ka sayi laftof ko ka kai a yi mata fomatin, mai gyara ya ce, "Alhaji, na sa maka komai da komai." Komai da komai ɗin ya haɗa da Office da CorelDRAW da Photoshop da wasannin yara, waɗanda lasisinsu na gaskiya zai iya fin kuɗin laftof ɗin. An fasa su ne, kuma manhajar da ke fasa su daga shafukan da ba a san masu su ba ake sauke ta.

Buɗe ɗan fayil ɗin bayani da ke zuwa tare da irin waɗannan manhajoji. Umarnin farko kusan kullum iri ɗaya ne: kashe antibairos kafin ka fara. Wani mai gyaran ma, don kada kwastoma ya dawo yana ƙorafin an goge masa Office, sai ya kashe Defender dindindin ko ya umarce shi da ya daina duba wasu foldoji. A nan ko manhajar tsaro goma ka tara ba su da ta cewa, tunda mai gida ne da kansa ya ce wa maigadi ya kau da kai.

Ba kowace fasasshiyar manhaja ce ke ɗauke da ɓarna ba, amma ba ka da hanyar bambancewa. Mai garkuwa da fayiloli da ake kira STOP ko Djvu, wadda ta addabi kwamfutocin gida a ƙasashe da dama tun wajajen 2018, ta wannan hanya ta fi yaɗuwa. Haka masu satar kalmomin sirri. A watan Mayun 2025 Microsoft ya sanar da cewa ya gano kwamfutoci sama da 394,000 da ɗaya daga cikinsu, mai suna Lumma, ta shiga cikin wata biyu kacal. Wanda ke shiga asusun bankinsa ko imel ɗin ofis da laftof ɗin da yara ke sauke wasanni a kanta, shi ake nema.

Mafita tana nan kuma ba ta cin ko sisi. LibreOffice na yin aikin rubutu da lissafi kyauta ta halal, Google Docs ma haka, GIMP da Inkscape kuma suna ɗaukar kaso mai yawa na aikin hoto da zane.

Sabuntawa da tsadar data

Hanya ta uku mu muke buɗe ta saboda tattalin data. Windows na son sauke sabuntawa, data kuma da tsada, don haka abu na farko da ake roƙon mai gyara shi ne ya kashe ta.

Antibairos yana gane ɓarna ta hanyoyi biyu. Yana da jerin alamomin waɗanda aka riga aka sani, yana kuma lura da ɗabi'a, misali manhajar da ta fara kulle fayiloli ɗaruruwa cikin minti ɗaya. Jerin nan kullum tsufa yake yi. Cibiyar AV-TEST ta ce tana rajistar sababbin samfuran malwaya sama da 450,000 a kowace rana. Antibairos da ya yi wata shida bai leƙa intanet ba, ɓarayin bara kaɗai ya sani. Sabunta jerin kuwa ba ya cin data sosai idan ana yi a kai a kai, sai an bar shi ya taru ne yake nauyi.

Ita Windows kanta tana da ramukan da ake toshewa da sabuntawa. A ranar 12 ga Mayun 2017, WannaCry ta kulle kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150, har asibitocin Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida. Microsoft ya riga ya fitar da maganin ramin da ta bi tun watan Maris. Waɗanda ba su sauke shi ba ne abin ya ci.

Wannan ya shafi masu tsofaffin laftof kai tsaye. Microsoft ya daina kula da Windows 7 a ranar 14 ga Janairun 2020, Windows 10 kuma wa'adinta ya cika a ranar 14 ga Oktoban 2025, sai ga waɗanda suka shiga shirin ƙarin wa'adi. Yawancin laftof ɗin tokumbo da suka girmi 2018 ba su cika sharuɗɗan hawa Windows 11 ba. Babu antibairos ko antimalwaya da zai toshe ramin da ke jikin Windows ɗin da aka daina gyarawa. Mai irin wannan kwamfuta ya nisantar da ita daga harkar banki, ko ya nemi wanda ya iya ya saka masa Linux, wadda ke tafiya da kyau a tsofaffin na'urori. Mai sayen laftof ta hannu yanzu kuma ya tambaya tun a shago ko tana ɗaukar Windows 11.

Yaushe ake kiran na biyu?

Akwai alamomin da idan ka gan su ya dace ka nemi ra'ayi na biyu. Shafin farko na burauzarka ya sauya ba da saninka ba. Tallace-tallace na faɗowa ko ba ka buɗe komai ba. Wasu manhajoji sun bayyana da ba ka tuna ka saka ba. Data na ƙarewa da sauri fiye da da. Abokai sun ce suna samun saƙo daga imel ko Facebook ɗinka wanda ba kai ka tura ba.

A irin wannan hali ka sauke sigar Malwarebytes ta kyauta daga shafin kamfanin kansa, ko ƙaramar manhajarsu AdwCleaner, wadda ta ƙware kan masu talla da masu sauya burauza. Sigar kyautar ba ta gadin ƙofa, bincike kawai take yi idan ka umarce ta, shi ya sa ba ta rigima da Defender. Sai dai takan fara da 'yan kwanakin gwajin sigar kuɗi, don haka bayan nan ka leƙa Windows Security ka ga wa ke riƙe da ƙofa. Shi ma Defender yana da bincike na musamman da yake yi bayan ya sake kunna kwamfutar, kafin Windows ta gama tashi, domin kama masu ɓuya. Idan aka samu mai satar kalmomin sirri, share ta bai wadatar ba, sai ka sauya kalmomin ta wata na'urar daban, ka fara da na imel da banki.

Hattara da saƙon da ke faɗowa daga kusurwar allo da jan rubutu yana cewa an gano bairos biyar, danna nan ka share. Mafi yawansu daga wani shafin intanet suke da ka taɓa bai wa izinin turo sanarwa. Maganinsu a saitin burauza yake, inda za ka janye izinin. Danna su shi ke kawo ɓarnar da suke iƙirarin cirewa.

To wa ya kamata ya biya kuɗi? Mai shagon da filash ke shiga kwamfutarsa duk yini, ko mai riƙe da bayanan kwastomomi, ko iyayen da ke son ƙarin iko kan abin da yara ke buɗewa, suna iya sayen cikakkiyar manhaja guda ɗaya daga kamfanin da aka sani, su bar ta ta maye gurbin Defender. Ga sauran gidaje, kuɗin ya fi amfani idan aka sayi data ta sabuntawa da faifan ajiya na waje.

Abin da ya rage a hannunka

Ko da ka yi duk wannan, akwai abin da manhaja ba ta iya tsarewa. Wanda ya kira ka a waya ya ce daga banki yake, ka karanta masa lambar sirrin da aka turo maka, bai bi ta laftof ɗinka ba balle a kama shi. Sannan babu antibairos da ke kama kashi 100 cikin 100. Wata rana wani abu zai iya wucewa, ko faifan ajiya ya mutu saboda zafi, ko wuta ta dawo da ƙarfi ta ƙona na'urar, ko a sace jakar a cikin Keke Napep.

A ranar, tambayar da mai gyara zai yi maka ɗaya ce: "Kana da kwafin fayilolin a wani wuri?" Babi na shida zai nuna yadda za ka tsara wannan ajiya da ɗan abin da kake da shi, me ya kamata ya hau faifan waje, me ya kamata ya hau intanet, da dalilin da ya sa faifan da ke soke a jikin laftof kullum ba ya cikin lissafi.